Daga Zango Zuwa Dutsen Lema: Yadda Ake Taka Duwatsun Boti da Kwahu da Ƙafa

Duk shekara, bayan Sallah ko ranar 1 ga Yuli, za ka ga samarin Nima da Mamobi da Madina, unguwannin Akra ta ƙasar Gana, sun yi karo-karo sun ɗauki bas, an ɗaure sifika a bayan direba, an nufi magangarar ruwan Boti. Ana isa sai kowa ya gangara wajen ruwa, a yi hoto, a ci shinkafa, a sha kiɗa, la'asar na yi a juyo gida. Ka tambayi mutum ko ya je wajen Dutsen Lema, sai ya ce maka ai lokaci ne ya ƙure, ko kuma ya ce an ce akwai nisa. Ni kuwa a ganina, wanda ya je Boti ya dawo bai taka zuwa dutsen nan ba, rabin kuɗin motarsa ya tafi a banza. Gyaran kuma ba wuya: a fara da dutse tun da sanyin safiya, a ƙare da ruwa. Yawancin abin da zan faɗa a nan a kan wannan tsarin ya rataya.

Dutsen da nake nufi shi ne wanda direbobi da 'yan gari suka sani da Umbrella Rock, a gundumar Yilo Krobo ta Yankin Gabas, kimanin kilomita 17 daga Koforidua. Faffaɗan falalen dutse ne zaune a kan siririn wuya, ya yi rumfa ta kowane gefe, har mutane da dama su fake a ƙarƙashinsa. Ban da shi akwai babban yayansa, Dutsen Bruku na ƙasar Kwahu, wanda ya tsaya shi kaɗai tsororo a kan tudu, ana hango shi daga nesa. Zan zo kansa daga baya, domin shi ba tafiyar yini ɗaya ba ce.

Ka fara sanin abin da za ka je gani

Wanda bai san yadda dutsen ya samu wannan siffa ba, zai kalle shi minti biyu ya ce a tafi. Saboda haka bari mu ɗan tsaya a nan.

Tsakiyar Gana zaune take a kan wani makeken kwari da masana ƙasa ke kira kwarin Volta, wanda ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar. Yawancin dutsen da ke cikinsa dutsen yashi ne: yashi da laka da ruwa ya kwantar hawa-hawa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, nauyi ya danne su har suka daskare suka zama dutse. Bakin wannan kwari ta kudu shi ne tsaunin da kake gani ya tokare sama idan ka iso Nkawkaw a hanyar Kumasi, ya miƙo har wajejen Koforidua. Bakinsa ta arewa kuwa shi ne tsaunin Gambaga. Wato wanda ya fito daga Nalerigu da wanda ya fito daga Mpraeso, gefe biyu na abu ɗaya suka sani.

To, hawa-hawan nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani ya daskare sosai, wani kuwa da ka murza shi da yatsa za ka ji yashi na zuba. Ruwan sama yana shiga ta tsagogin dutsen, saiwar itace ta bi ta ƙara buɗa su, damshi ya zauna a ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Sai mai laushin ya riƙa zaizayewa, mai ƙarfin ya tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san wannan: katangar da aka yi wa hular siminti, gindinta ne ruwa ke fara ci, saman yana nan garau. Haka Dutsen Lema ya samu wuyansa. Bruku kuma ragowar tudu ne da aka cinye duk abin da ke kewaye da shi, ya rage shi kaɗai.

Amfanin sanin wannan ba na hira kawai ba ne. Dutsen da zaizaya ta sassaƙa, har gobe zaizayar ba ta gama da shi ba. Bakin falale yana iya ɓantarewa, yashin da ke kansa yana sa santsi ko ba ruwa, kuma abin da ka kama da hannu kana hawa ba lalle ne ya riƙe ka ba.

Zaɓen lokaci

A nan akwai ciniki, sai ka zaɓi abin da za ka bari. Magangarar ruwan Boti tana cika ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rassanta biyu, wanda 'yan gari ke kira namiji da wanda suke kira mace, ke zubowa da ƙarfi daga tsayin kusan mita 30, feshin ruwan ya haɗu har bakan gizo ya fito. Amma a wannan lokacin ne hanyar dutse ta fi santsi, gansakuka ta rufe duwatsu, laka ta kama takalmi. A cikin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hanya a bushe take sarai, sai dai ruwan ya janye har wani lokaci ka tarar da ɗigo kawai, hazo kuma ya rufe nesa, ka hau dutse ba ka ga komai ba sai fari.

Ni na fi son watan Agusta, lokacin da babbar damina ta ɗan lafa kafin ƙaramar ta shigo, ko kuma Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke amma ƙura ba ta sauko ba. Ka samu ruwa, ka samu hanya, ka samu gani.

Sai kuma rana. In kana son kiɗa da cunkoso, je ranar hutu: 6 ga Maris, Litinin ɗin Ista, 1 ga Yuli. In dutse ka je gani, je ranar aiki ko Asabar ɗin da ba biki. A ranar biki hanyar da mutum ɗaya ke bi sai ka tarar da layi a kanta, na sama yana turo wa na ƙasa tsakuwa. Wanda ya zaɓi Alhamis yana da ƙarin riba, domin ran nan ce kasuwar duwatsun ado ta Koforidua ke ci, in an dawo da wuri sai a biya a yi wa Hajiya tsaraba.

Kada ka yi wannan tafiya da azumi a bakinka. Na san akwai masu ƙarfin hali, amma gumin kurmi ba irin na gari ba ne.

Shiri tun daren jiya

Takalmi shi ne kan gaba. Kambas mai tsaga-tsaga a ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifas da takalmin Sallah mai sulɓin ƙasa su zauna a gida, sabon takalmi ma haka, domin kafin ka kai rabin hanya ya yi maka kanta. Wando mai sakewa, riga marar nauyi, hula. Jallabiya da babbar riga a bar su a jaka, a sa bayan an sauko.

'Yan'uwa mata, doguwar abaya mai jan ƙasa ita ce ke kayar da mutum a wurin hawa, domin kina ɗaga ƙafa kina taka bakinta. Abin da ya fi shi ne wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, da ɗan hijabi da ba zai maƙale a reshe ba. Sutura ta samu, hannu biyu kuma sun samu sakewa, domin akwai inda sai kin dafa ƙasa.

Ruwan sha, kowane mutum lita 2 aƙalla, a gora ba a leda ba. Ruwan leda yana fashewa a jaka, kuma ledarsa ce ta cika hanyar. Ka jefa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu a aljihu saboda wanda tsokarsa za ta ɗaure. Abinci kuwa, a karya da koko da ƙosai kafin a tashi, a riƙe dabino, gyaɗa, ayaba, burodi. Wake da shinkafa a bar shi sai an dawo daga dutse, domin cikin da ya cika ba ya hawa. In kana da tantama a kan naman da za ka samu a hanya, ɗauki naka daga gida, ko ka saya a Zangon Koforidua.

Kada a fesa turare. Na san wannan magana tana da nauyi a wurinmu, mu da ba ma fita ko bakin titi sai mun shafa, amma ƙamshi yana jawo ƙudan zuma da rina, kuma tsagogin dutse gidansu ne.

Kuɗi a riƙe su a hannu, ƙananan sidi. Za ka biya kuɗin shiga, ka sallami ɗan jagora, ka ba mai tsani, wataƙila ka hau okada. Kada ka dogara da momo, wato kuɗin waya, kaɗai, domin sabis yana zuwa yana ɗaukewa a cikin kwari. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, saboda a irin waɗannan wurare kuɗin ɗan Gana daban, na baƙo daban. Sauran kaya: wayar da aka cika da caji, ƙaramar tocila, filasta, ledar zuba shara, buta da dadduma marar nauyi. Duka a jakar goyo, hannu ya zama ba komai.

Abu na ƙarshe kafin ka kwanta: gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa.

Hanya

A yi Asuba a fita. Wanda ya bar Akra da ƙarfe 5:30 ya tsallake cunkoson Madina da Adenta, wanda kuwa ya tsaya sai 8:00, rana tsaka zai fara hawa.

In da trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, ana samun motar Koforidua a tashar Madina da Circle da Tudu. Tafiyar kimanin kilomita 85 ce, sa'a biyu in hanya ta yi kyau. Motocin Madina kan hau ta Aburi da Mamfe, hanyar da ta fi daɗin kallo, wasu kuma kan bi ta Nsawam da Suhum. A Koforidua ka nemi motar da ke bin hanyar Huhunya da Agogo, ka gaya wa yaron mota tun kafin ka zauna cewa Boti za ka sauka. Ka kula, Agogon nan ta ƙasar Krobo ce, ba ta Asante Akyem ba. In kun kai huɗu ko biyar, ɗaukar tasi shata ya fi sauƙi, kuma ku karɓi lambar direban ku yi alkawarin lokacin dawowa, domin da yamma motoci kan yi wuya a wannan hanya.

Masu motar kansu ko bas ɗin haya ba sai sun shiga Koforidua ba. Daga Mamfe a wuce Akropong da Adukrom, a gangara Nkurakan, daga nan a karya zuwa Huhunya. Gangaren Adukrom yana da kwana-kwana, in direbanku mai gudu ne ku yi masa magana tun a sama, kada ku ji kunya.

A bakin ƙofa

Ka biya, ka karɓi rasit, sannan ka ce dutse za ka fara zuwa, a haɗa ka da ɗan jagora. Za ka ji wani a cikinku yana cewa ai hanya a fili take, me za a yi da jagora. Kada ka biye masa. Da ɗan gari akan ci gari. Hanyar tana ratsa gonakin mutane, akwai ƙananan hanyoyi da manoma suka fitar waɗanda suka yi kama da ita, kuma jagoran ne ya san dutsen da ke motsi da wanda ke zaune. Ku daidaita da shi tun a nan: har ina zai kai ku, da ƙafa za a dawo ko da abin hawa, nawa ne ladansa. Ciniki a bakin ƙofa ya fi gardama a kan tudu.

Ku ƙirga kanku. In kun yi yawa, a sa mutum mai hankali a gaba bayan jagora, wani a can ƙarshe wanda ba zai bar kowa a bayansa ba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma, mai juna biyu, da dattijon da gwiwa ke damu, kada a matsa musu. Akwai hanyar mota da ke zagayawa ta kai kusa da dutsen, a sa su a tasi ko okada ku haɗu a can. Ba abin kunya ba ne.

Tafiyar kanta

Ana cewa minti 45 ce. Ga matashin da ya saba buga ƙwallo haka ne. Ga wanda aikinsa zaman shago ko tuƙi, ya sa sa'a ɗaya ko fiye a ransa, kuma babu wanda ke ba da kyauta ga wanda ya riga isa.

Farkonta yaudara ce. Hanya shimfiɗe, inuwa, ana tafe ana raha, har wani ya fara cewa dama wannan ce ake ta zuzutawa. A nan ne ya kamata ka riƙe ƙarfinka, ka kama takun da za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba. Daga nan sai hanya ta gangara cikin kwari. Gangara ta fi hawa kayar da mutane, domin jiki yana son ya yi gudu. Taka gajere-gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka juya gefe inda ya yi tsayi. Inda ka ga sai an zauna an ja jiki, zauna ka ja jiki, wando wanki kawai zai sha.

A cikin kwarin za ku iske kogo, inda dutse ya yi rumfa babba. 'Yan jagora kan tsaya a nan su ba da labarin yadda mutane a can baya suka fake a ciki lokacin yaƙe-yaƙe. Ka huta, ka sha ruwa, sannan ka matsa kusa da bango ka duba. Za ka ga layi-layi a kwance, wani ya turo waje, wani ya shige ciki. Wannan shi ne abin da na bayyana a sama, ga shi a gaban idonka, kuma abin da ya faru a bangon nan shi ya faru a Dutsen Lema. Kada ka zura hannu cikin rami ko tsaga, kada kuma ka zauna a kan tarin busasshen ganye sai ka duba. In ka ga layin kwarkwasa ya ratsa hanya, tsallake da sauri, kada ka tsaya a kansa kana kallo.

Bayan kogon ne aikin yake. Hawa ne mai tsayi a kan duwatsu da saiwoyi, inda hannu ke taya ƙafa. Ka'idar ita ce: gaɓoɓi uku a dafe, ɗaya ke motsi. Kafin ka ɗora nauyinka a kan dutse ko saiwa, girgiza shi tukuna. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, yadda in ya zame ba zai tafi da kai ba. In ƙafarka ta turo dutse, ɗaga murya ka ce "dutse!" don na ƙasa su kauce. Waya ta koma aljihu. Mafi yawan faɗuwar da ake yi a irin wannan wuri, hannu ɗaya na riƙe da waya ake yin ta.

In ka ji jiri, ko gumi ya ɗauke maka alhali kana jin zafi, ko kai ya fara sarawa, tsaya nan take. Nemi inuwa, sassauta kaya, kaɗa gishiri da sukarin nan a gora ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Abokan tafiya su jira shi, kada a ce masa ya daure saura kaɗan. In abin ya ƙi, a sauko da shi a nemi asibitin yanki da ke Koforidua, lambar gaggawa kuma 112 ce. Saran maciji ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Kana fitowa daga itatuwa sai sarari ya buɗe, iska ta buge ka, ga dutsen.

A wurin dutsen

Kada ka yi saurin hawa. Zagaya shi tukuna, ka duba wuyan da ke ɗauke da wannan nauyi duka, ka ga yadda ruwa da iska suka rarake shi. Daga nan ka juya ka kalli kwarin da ka fito, kurmi da gonaki shimfiɗe har iyakar gani. Wannan kallon shi ne ladan gumin.

Akan jingina tsanin katako don masu son hawa saman falalen, mai tsanin kuma yana karɓar ɗan abin da ya samu. In za ka hau, duba tsanin da idonka, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, wani ya riƙe gindinsa. A sama babu shinge ko kaɗan. Ka tsaya a tsakiya, kada ka je baki, kada ka yi tsalle don hoto, kada kuma ka ja da baya kana kallon mai ɗaukarka. In dutsen a jiƙe yake, ko iska na kaɗawa da ƙarfi, haƙura. In kuwa ka ji tsawa ko ka ga hadari ya haɗo, sauka nan da nan, domin wanda ke tsaye a kan dutse a saman tudu shi ne abu mafi tsawo a wurin. Kuma kada a fake a gindin babban itace. Mutanen Gana ba su manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da guguwa ta kayar da itace a magangarar ruwan Kintampo, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: kankare suna a jikin dutse da makulli ko ƙusa. Dutsen yashi yana da laushi, shi ya sa rubutun ke kamawa da sauƙi, shi ya sa kuma ba ya gogewa. Ba wanda ya sha wannan hawa don ya karanta sunanka da na unguwarku.

Gaba kaɗan, a cikin ƙauye, akwai bishiyar kwakwar manja mai kai uku a gindi ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Kusa da ita akwai wani dutse da 'yan garin ke cewa macen da ta zauna a kai za ta haifi tagwaye. Ka saurara, ka yi godiya, ka wuce. Ba sai ka gaskata ba, ba kuma sai ka tsaya yi musu wa'azi a ƙofar gidansu ba. Gaisuwa kafin hoto, izini kafin ɗaukar yaran mutane, kuma koko da rogo da agaden da ke bakin hanya duk da masu su.

Komowa da ruwa

Wanda gwiwarsa ta fara rawa ya hau okada ya zagayo, sauran su bi sawunsu. In an bi tsarin nan, kafin azahar an dawo bakin ƙofa. Yanzu ne lokacin wake da shinkafa. A yi alwala, a shimfiɗa dadduma a gefe. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce a karkata hagu zuwa arewa, kimanin digiri 64 ga mai duba kamfas ɗin waya. Batun kasaru kuwa, tafiyar Boti tana kan iyakar nisan da malamai ke ambata, wato wajen kilomita 80, sai ka tambayi malaminku kafin ka taso.

Sannan a gangara wajen ruwa. Matakala 250 ce, kuma duk wadda ka sauka sai ka hau ta. Bayan zafin dutse, feshin ruwan nan ya fi komai daɗi, wannan ma wani dalili ne na ajiye shi a ƙarshe. Amma tafkin da ke gindin magangarar ba wurin gwada iyo ba ne, musamman da damina. Ku bi abin da ma'aikatan wurin suka ce, yara kuma a riƙe hannunsu. Ƙarfe 3:00 ku kama hanya. Rana a nan tana faɗuwa wajen 6:00 duk shekara, kuma gangaren Aburi da dare, ga gajiya ga direba mai sauri, ba abin so ba ne.

In Boti ta yi maka kaɗan: Bruku

Wannan sai da kwana. Daga Akra a kama hanyar Kumasi zuwa Nkawkaw, wajen sa'a uku. Mutanen Kumasi sun fi mu kusa. Daga Nkawkaw mota za ta hau tsauni ta Atibie zuwa Mpraeso, a wuce Kwahu Tafo. Tun kafin ka shiga gari za ka hango shi a tsaye. Dare a saman Kwahu yana da sanyi, domin garin Abetifi da ke kusa ya haura mita 600 daga teku, saboda haka a taho da rigar sanyi. A kauce wa makon Ista, lokacin da 'yan Kwahu na ko'ina ke komawa gida, ga kuma bikin tashi da lema daga dutsen Odweanoma da aka fara tun 2005. Masauki yakan yi wuya ya yi tsada.

Bambancin Bruku da Boti ba a tsawon hanya kaɗai yake ba. A wurin mutanen Kwahu wannan dutse wurin bauta ne na gargajiya, yana da masu kula da shi da ka'idojinsa. Ba a zuwa kai-tsaye. Ka fara neman ɗan jagora a Tafo, shi zai gaya maka wanda za a gaisar, ranar da ake zuwa da ranar da ba a zuwa, da inda baƙo ke tsayawa. A irin waɗannan wurare akan nemi baƙo ya kawo kwalbar giya don al'ada. Ka faɗa tun farko, cikin ladabi, cewa kai Musulmi ne, kallo ka zo yi, ba za ka kawo wannan ba, ba kuma za ka shiga wata hidima ba, amma za ka biya kuɗin jagora da na ziyara. 'Yan Kwahu 'yan kasuwa ne, sun daɗe suna zama da mu a Akra da Kumasi, maganar ba baƙuwa ba ce a kunnensu. In an amince, to. In an ce sai da shi, ka tsaya inda aka yarda ka tsaya ka kalli dutsen daga nan, siffarsa ma daga ɗan nesa ta fi fitowa.

Burin tafiyar shi ne gindin dutsen. Jikinsa a miƙe yake, hawansa aikin masu igiya da horo ne, ba na wanda ya zo da kambas ba. Ruwan sha a ninka na Boti, a fita da sassafe, a sa dogon wando saboda ciyawa. Asibiti mafi kusa in wani abu ya taso akwai na gwamnati a Atibie, akwai kuma Holy Family a Nkawkaw.

Wanda yake shakkar ƙarfinsa ya fara gwadawa a Shai Hills, kimanin kilomita 50 daga Akra a hanyar Akosombo, inda ma'aikatan gandun daji ke raka mutane zuwa kogunan da mutanen Shai suka zauna kafin Turawan Ingila su tashe su a 1892. Dutsen can ba na yashi ba ne, amma hawan zai nuna maka matsayin gwiwarka. Ka dai riƙe ledar abincinka da kyau, gwaggon birin da ke bakin ƙofa ba ya jin kunyar kowa. 'Yan Kumasi kuma suna da Tanoboase a gaban Techiman, a hanyar Kintampo, inda dutsen yashi ya tsattsaya a cikin kurmin da mutanen Bono ke girmamawa. Can ma da jagora ake shiga, kuma ka'idar gaisuwa da neman izini ita ce dai irin ta Bruku.